Kunyar ɗan fari: tarbiyya ce ko tauye haƙƙi?

Maman Halifa:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, kuma iyayenmu da ke ciki su yi mini afuwa in na taɓo inda bai kamata ba. Wannan kunyar ɗan fari da muka taso muka tarar, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ma sai ta kau da kai har wani ya zo ya ɗaga shi, ina amfaninta yake? Kullum ana yabonta, ana cewa ita ce tarbiyyar da muka rasa. Ni kuwa 'ya'yan farin da na sani, da wuya ka sami wanda ba shi da ɗan ƙulli a zuci game da mahaifiyarsa. Mu riƙe ta ne, ko mu bar ta ta bi zamaninta?

Ɗan Goggo:
Wa alaikumus salam. Kafin manya su iso, bari mu da aka yi wa mu fara. Na haura 40, ina da iyali, har yau kunnena bai taɓa jin sunana daga bakin mahaifiyata ba. "Wannan", "yaron nan", in ta matsu ƙwarai ta ce da ƙannena "ku kira yayanku". Ni ma ban taɓa ce mata Inna ba, Yaya nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na faɗi. Har na shiga firamare ɗauka nake goggona ce ta haife ni, wani yaro ne ya fasa mini ƙwan a wajen faɗa.

Auta Shalele:
Mu dai autoci ba ruwanmu, a cinya muka girma. Allah ya ba ku haƙuri yayyenmu.

Hajiya Babba:
'Yata Maman Halifa, tambayarki ba rashin kunya ba ce, zauna ki ji. Ku yanzu kuna ganin abin ne shi kaɗai, an raba shi da gidan da ya haife shi.

A zamaninmu yarinya tana da shekara 14 ko 15 ake kai ta ɗaki. Cikin fari in ya kai wata 7 sai a mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki. A can za ta sauka, a can za ta yi wankan jego na kwana 40, ruwan zafi safe da yamma da ganyen darbejiya ko na tsamiya, ga kunun kanwa. To ki duba. Yarinyar da jiya-jiya take gaɗa a dandali, yau ga ta da ɗa a hannu a gaban uban da ya haife ta. Ɗan nan shaida ne na abin da kowa ya sani amma ba a faɗa. Da wane ido za ta ɗaga shi tana cilla shi sama tana yi masa tawai, mahaifinta na alwala a tsakar gida?

Sannan ita kanta ba ta iya renon ba. Uwarta ce ke yi wa jariri wanka, ita ke gasa cibi, ita ke goyo. Nata bai wuce ba da nono ba, shi ma sai an yi mata faɗa, ta juya ta fuskanci bango. In lokacin yaye ya yi, wajen shekara 2, kaka ce ke ɗauka, kuma sau da yawa daga yaye zama ya kama. Yaron bai rasa gata ba, ya ma fi kowa. Kaka na ce masa maigidana, angona, tana ɓoye masa tsokar nama a ƙasan kwano. In mace ce kakanta namiji ya ce amaryata, kakarta mace ta ce kishiyata ta zo ta ƙwace mini miji. Goggonni na rububinsa, kawunnai na sayo masa ƙuli-ƙuli. Ba ki ji in yaro ya cika shagwaɓa ana cewa goyon kaka ne ba? Mafi yawansu 'ya'yan fari ne.

Injiniya Na Kaduna:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. Bayaninki ya yi, amma in kin lura, da bakinki kika kawo hujjar da ke kayar da al'adar. Kin ce uwa ta janye ne don akwai hannuwa goma da za su karɓa. To ina hannuwan yanzu? Ni ina gidan haya, ɗaki biyu da falo. Kakar yarana ɗaya tana Funtuwa, ɗaya tana Gusau, sai Sallah suke ganinsu. Maƙwabcin da muke haɗa katanga ko gaisuwa sai a mota. In ɗana ya faɗi uwarsa ta kau da kai, wa zai ɗaga shi, mai gadi? Matata kuma ba 'yar 15 ba ce, ta gama digirinta aka ɗaura mana aure. Dalilan duk sun tafi, sai kauda kan ne ya rage.

Hajiya Babba:
Ɗana, ban musa maka ba. Ni ma jikokina na Abuja ban ce uwarsu ta kau da kai ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce iyayenmu mugunta suka yi, ko ba su san son ɗa ba.

Baffan Yara:
Ni ina bayan al'adar, kuma ba don tsufa ba. Bahaushe ya ce so naka duniya ta ƙi shi, ƙi naka duniya ta so shi. Ba ƙiyayya ake nufi ba, kara ake nufi. Gida mai mata 3 ko 4, kowace da 'ya'yanta, tukunya ɗaya, tsakar gida ɗaya. In kowace uwa za ta tsaya wa nata, gidan nan ba zai kwana lafiya ba. Shi ya sa in ɗanki ya yi faɗa da ɗan abokiyar zamanki, naki za ki daka ko da shi ke da gaskiya, ita kuma ta taso ta ƙwace shi ta ce me ya yi miki, ta juya ta daki nata. Kowa ya yi wa kowa kara, magana ta mutu. In ana rabon tuwo ranar girkinki, ɗan ɗakin can za ki fara cika wa kwano. A kan ɗan fari ake koya wa yarinya wannan darasi, tun tana ɗanya: ɗan nan ba naki ba ne ke kaɗai, na gidan ne, na dangi ne. In ta iya danne zuciyarta a kansa, to ta iya zama da mutane.

Yanzu da aka watsar me muka samu? Ka tsawata wa yaro a layi yana zagin babba, kafin ka isa gida uwarsa ta riga ka, gyale a kafaɗa.

Malama Ta Aji Uku:
Baffa, wannan na ƙarshen gaskiya ne, mu malaman makaranta mu za mu ba da labari. Ka ce yaro ya durƙusa don bai yi aikin gida ba, gobe uwa da uba su zo ofishin hedimasta a kira ka kamar ka yi sata. Amma a ganina abu biyu ka haɗa. Kara tsakanin maƙwabta da abokan zama daban, ƙin kama sunan yaro da ƙin rungumarsa daban. Uwa tana iya cewa "Aliyu zo nan" ta shafa kansa, kuma in na hukunta shi ta ce Malama ƙara masa. Iyayen da suka fi ba ni haɗin kai a aji ba masu kunyar ɗan fari ba ne, masu hankali ne kawai.

Wani abin kuma, ranar ɗaukar sababbin ɗalibai muna ganin ikon Allah. Ki tambayi uwa sunan yaro, ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabi. Sai ta waiwaya ta ce wa ƙaramar 'yar da ta rako ta, "ke faɗa mata". In ba wanda ya rako ta, ta ce "sunan Annabin da kifi ya haɗiye gare shi", ke ki rubuta Yunusa. Dariya ce a baki, amma haka ake samun yaro sunansa na takardar haihuwa daban, na makaranta daban, ranar yin katin ɗan ƙasa a shiga rantsuwar kotu.

Bafulatanar Yola:
Ku Hausawa wasa kuke yi, ku zo ruga ku ga kunya. A wajenmu tana cikin pulaaku, tare da munyal, wato haƙuri da juriya, da hakkiilo, wato hankali. Ita kunyar semteende muke ce mata. Ba uwa kaɗai ba, uba ma ba ya kama sunan ɗan fari, kuma wasu har na biyu. Shi ya sa Dikko ya yi yawa a cikinmu, laƙabin ɗan fari ne, mai bi masa kuma Sambo. Bafulatani ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ba ya cewa yunwa yake ji, ba ya kuka a gaban jama'a. Amma uban nan da ba ya kallon ɗansa ido da ido, tun yaron na ƙarami ya ware masa karsana a garke, duk abin da ta haifa nasa ne. Mu a nan muke karanta so, ba a baki ba.

Injiniya Na Kaduna:
To ai ga shi, dama na sha jin cewa daga wajenku muka aro ta bayan jihadi.

Ɗan Maraɗi:
A'a Injiniya, kar ka ɗora ma Hillani. Nan wajenmu ka shiga ƙauyukan Gobir, inda ba su haɗa jini da Bahillace ba, ɗiyan hwari ba a hwaɗin sunansu. Zabarmawa ma hakanan suke, uwa ba ta kiran ɗanta na hwari da sunanshi. Abu ne na ƙasar ga baki ɗaya, kowa da yadda ya tarad da shi. Abin da Malama ta hwaɗi kuwa har lakwal ɗinmu, wato makaranta, haka yake, sai mushe, wato malami, ya yi ta tambaya, uwa na kallon ƙasa.

Malam Mai Almajirai:
Bismillah. Na karanta duka, kuma kowa ya kawo abin dubawa. Bari in sa nawa ta fuskar addini, don ana yawan cewa ai kunya imani ce, a rufe magana da haka.

Gaskiya ne, hadisi ya inganta cewa kunya reshe ce daga imani, kuma ba ta zuwa sai da alheri. Amma wanda ya faɗi wannan, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne ya fi kowa kunya, sai mu duba yadda ya yi da 'ya'yansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habis ya gan shi yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce ni ina da 'ya'ya 10 ban taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya dube shi ya ce wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya yi salla yana ɗauke da Umama, 'yar Zainab babbar 'yarsa, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauka. Nana Faɗima in ta shigo yakan miƙe ya tarbe ta ya zaunar da ita a mazauninsa. Shi kansa da sunan ɗansa na fari ake kiransa, Abul Ƙasim. Ga kuma hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, da mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ban da 'yan uwansa, aka ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Malamai da dama sun ce adalcin nan har a sakin fuska.

Saboda haka a rarrabe. Sakaya suna, a kira yaro da laƙabi mai kyau, al'ada ce, shari'a ba ta hana ba, ba ta kuma wajabta ba. Amma ɗa ya yi kuka a ƙi rarrashinsa, ya yi ciwo a ƙi duba shi, a fifita ƙannensa a kansa a fili da sunan kunya, wannan ba ita ce kunyar da aka yaba ba. Wallahu a'alam.

Baffan Yara:
Allah ya gafarta Malam, ba na ja da hadisi. Sai dai malamanmu na da, masu Risala da Muhtasar a ka, sun san hadisan nan sarai, kuma a gidajensu ma ana kunyar ɗan fari. Ba su ga saɓani ba.

Malam Mai Almajirai:
Saboda a gidajensu yaron bai tozarta ba, Baffa, kamar yadda Hajiya ta bayyana. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, bayan uwa, kakar wajen uwa ce ke gaba a haƙƙin reno. Wato hannun da al'ada ta miƙa wa yaron, hannu ne da shari'a ta san da shi. Inda aka sami matsala shi ne a ce uwa ta janye, kaka ba ta nan.

Sista Ta Ɗakin Haihuwa:
Ku yi haƙuri in kai maganar inda ba a son zuwa, don kunyar nan tun kafin a haifi yaron take farawa, kuma mu muke ganin ƙarshenta.

Mai cikin fari ba ta cewa tana da ciki. In aka tambaye ta sai ta rufe fuska, wata sai ya kai wata 6 ba ta zo awo ba. Ranar naƙuda kuma an riga an karanta mata cewa mace ta gari ba ta raki, wadda ta yi ihu za a yi mata waƙa a gidan suna. Sai ciwo ya kama ta tun dare, ta shige ɗaki ta ciji zane, ba za ta tayar da uwarta ba, balle uwar miji. Kafin a farga gari ya waye, wani daren ya sake yi. In kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta, musamman yarinyar da ƙashinta bai gama ƙosawa ba, sai ya tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu ya huje. Yoyon fitsari ke nan, kuma mafi yawa ɗan ba ya zuwa da rai. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina, inda ake yi musu aiki, ya san yawancinsu 'yan cikin fari ne. Ban ce kunya ce kaɗai ba. Akwai nisan asibiti, akwai rashin kuɗin mota, akwai jiran maigida ya dawo ya ba da izini. Amma awowin farko da ake ɓatawa, yarinya na ɓoye ciwo, na kunya ne.

Bayan haihuwa kuma ga batun nono. Muna son a sa jariri a nono cikin awa 1 da haihuwa, ya sha dakashin nan mai ruwan ɗorawa da wasu ke matsewa su zubar, don shi ne rigakafinsa na farko, sannan nono zalla har wata 6. Sai ki ga ɗaki cike da 'yan barka, dangin miji sun zauna, jariri na tsala kuka, mai jego ta kasa ɗaga riga. Ni korar su nake yi waje, su ce Sista ba ta da kara. Na yarda.

Ɗan Maraɗi:
Sista ta yi gaskiya. Mu ma nan Danja, kusa da Maraɗi, akwai likitar, wato asibiti, da ake yi ma mata wannan aiki, kuma ba ta rabuwa da jama'a.

Hajiya Babba:
Wannan kam ba ni da ta cewa, Sista. Mun rasa ƙawaye a haka, a lokacin sai a ce kwana ne ya ƙare. Kwana ya ƙare ɗin, amma da sakaci. Ni duk 'yar da zan aurar sai na ja ta ɗaki na ce in kin ji mararki ta murɗa, ki buga mini waya ko ƙarfe nawa ne, raki ba ya kisa.

'Yar Fari Uwar Gida:
Duk kuna ta maganar ɗan fari namiji. Mu mata fa? Namiji ko ba a kama sunansa ba, an san shi ne magajin gida, ana ba shi girma. Ni kakata ta rasu ina ƙarama, aka dawo da ni gidanmu, na tarar da uwar da ba ta sakar mini fuska da ƙanne a jere. Ni ce goyo, ni ce wanke-wanke, ni ce tallan kafin makaranta. In ƙanina ya fasa kofi ni za a daka, don me ban kula ba. In na yi zazzaɓi sai dai a ce "a ba waccan magani". Ranar da za a kai ni gidan miji kowa ya yi mini nasiha, ita ta shige ɗaki. Daga baya aka ce mini kuka ta je yi. To kukan da ban gani ba, me ya ƙare ni da shi a ranar?

Auta Shalele:
Yaya, wasan da na yi ɗazu na janye shi. Allah ya saka muku da alheri, ku ne iyayenmu na biyu.

Bafulatanar Yola:
Yaya, Allah ya ba ki ladan. Amma ki yi mata uzuri, ita ma haka aka yi mata, ba ta san wata hanya ba.

'Yar Fari Uwar Gida:
Na yi mata tuni, uwa ce. Uzuri daban, in maimaita a kan 'yata daban.

Ɗan Goggo:
Bari in ƙara wani abu, don kar a ɗauka kukan rashin so nake. Na san tana sona, ban taɓa shakka ba. Abin da aka rasa shi ne sabo. Yanzu ta tsufa, ga hawan jini ga ciwon sukari, ni ne babba, ni ke kai ta asibiti, ni ke sayen magani. Amma ba ta iya gaya mini inda ke mata ciwo. Sai ta kira autarmu a waya, tana aure a wani gari, ta faɗa mata, ita kuma ta kira ni ta ce Yaya, Inna ta ce ƙafarta na kumbura. Alhali gida ɗaya muke kwana da ita. In na shiga gaishe ta, daga "an tashi lafiya" sai "Allah ya yi albarka", sai shiru, sai in tashi. Ina son in zauna mu yi hira kamar yadda take yi da ƙannena, ban san ta inda ake farawa ba, ita ma haka.

Baffan Yara:
Wannan albarkar da take sa maka kullum, wasu da kuɗi suke nema ba su samu ba.

Ɗan Goggo:
Haka ne Baffa, ban raina ba. Sai dai likita ba albarka yake tambaya ba, tun yaushe ƙafar ta fara yake tambaya.

Malama Ta Aji Uku:
Ni ɓangaren sunan ne ma nake ganin ba zai mutu ba, don ya wuce ɗan fari. Mace ba ta kama sunan miji, sai Malam, Alhaji, maigidan, ko "shi". Ba ta kama na surukai. In aka mayar wa yaro sunan kakansa, dole a nemo abin kira: Abba, Baba, Baffa, Babangida, mai sunan Malam. In mace ce Ummi, Mama, Inna, Uwani, Hajiya. Ga kuma laƙuban da suka riga suka manne wa sunaye: Usman Shehu, Abubakar Garba, Umar Sanda, Yusuf Maitama, kamar marigayi Ɗanmasanin Kano, A'isha Indo, Hauwa Kulu, Faɗima Binta, Zainab Abu. 'Yan zamani ma da suke cewa sun waye ba su bari ba, salo suka sauya, suka koma Walid da Walida da Amir da Halifa. Ita kanta mai tambayar a duba sunan da take amsawa.

Maman Halifa:
Malama kin kama ni. Sunan surukina gare shi, ko da wasa ba zan iya faɗa ba. Amma Halifan ina kiransa da ƙarfi har maƙwabta su ji, kuma ina goya shi in je kasuwa.

Hajiya Babba:
Ai wannan "Maman wane" ɗin ma sabon abu ne a wajenmu. A da a kira mace da sunan ɗanta na fari a gabanta, ta amsa? Sai ta bar wurin. Mu a barikin soja da unguwannin da ake cakuɗe da Yarabawa muka fara jin sa, yanzu ga shi har ƙauye.

Amaryar Bara:
Iyayena da yayyena, ni karatu nake ta yi ban ce komai ba, amma abin a kaina yake. Na haihu watan jiya, na gama wanka zan koma, kuma gida ɗaya muke da uwar mijina, sashe ne kawai daban. Mace ce mai kirki, amma ta riƙe al'ada sosai. Ran suna ma an ce ta yi magana don an gan ni ina kallon fuskar yaron ina murmushi. Ba na son a ce ba ni da kunya, ba na kuma son abin da Yaya 'Yar Fari ta faɗa. Yaya zan yi?

Injiniya Na Kaduna:
Ƙanwata, ɗanki ne. Ki ɗauke shi ki yi masa wasa a gaban kowa, in sun gaji da magana za su bari. Wani ne zai fara.

Hajiya Babba:
Kar ki bi ta Injiniya, shi ba zai zauna da ita ba. Namiji ne, da safe zai saɓa hula ya fita. 'Yata, abin ba shi da wuya. In kin shiga gaishe ta, miƙa mata shi, ki ce ga maigidanki nan ya hana ni barci. Ki bar ta ta yi masa wanka in tana so, ki tambaye ta abin da kin riga kin sani ma. Tsohuwa ba murmushinki ne ya dame ta ba, tsoro take kar a nuna mata ba ta da iko da jikanta. In kika ba ta wannan, ke da ɗanki a ɗakinki ki yi masa rawa ma in kin ga dama, wa ya gani? A gabanta ki rage zumuɗi, ban da su sumbata da "ɗana, ɗana". Kwana nawa ne, da kanta za ta fara cewa ke zo ki karɓe shi.

Sista Ta Ɗakin Haihuwa:
Na yarda da Hajiya, da sharaɗi biyu. In yana kukan nono ki ba shi ko a gaban wa, ki yafa mayafi. In jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi kama nono, kar ki tsaya jiran wani ya lura, ki buɗe baki ki faɗa. Kuma katin rigakafi a hannunki zai zauna, ba a sashen kaka ba.

Injiniya Na Kaduna:
Wato dai a yi so a ɓoye kamar kayan sata. Ni ban gamsu ba, amma tunda an ce ba ni zan zauna ba, na yi shiru.

Amaryar Bara:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura abin kira. Sunan baban maigidan aka mayar, Usman, har yanzu "jariri" muke ce masa. Abba za mu sa ko Shehu?

Hajiya Babba:
Wannan ma kar ki yanke, kai wa kakar ta zaɓa, za ta ji daɗi. Ki dai roƙe ta ban da Abba in akwai wasu a gidan.

Amaryar Bara:
Akwai har 3 Hajiya, in aka kira ɗaya duk sai su amsa.

Ɗan Maraɗi:
To Shehu ke nan, kahin wani ƙanen miji ya riga ku da sunan ɗan ƙwallo.